Farfesa Mala Gana, Mai Karanta Duwatsu

Saura ƙiris da wannan tarihi bai rubutu ba, domin mai rubuta shi 'yar ƙanen marigayin ce, karatunta kuma bai wuce firamare ba. Iyali ne suka nace.

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Mala Gana a Fagge, Kano, a shekarar 1944. Mahaifinsa Malam Gana Babarbare ne mai fataucin kanwa, mahaifiyarsa kuwa Hajja Kubura. Bayan ya yi nisa a makarantar allo, a 1952 aka sa shi boko a Sabon Gari, inda ya ƙulla abota da wani yaro Okechukwu. A wancan zamani Fagge da Sabon Gari hanya ce kawai ta raba su. Idan an tashi makaranta su biyun sukan bi ta Bata, su sayi rake, su miƙe har Rijiyar Lemo kallon masu haƙa rijiya. Mahaƙan kan jera ƙasar da suka fitar tsibi-tsibi gwargwadon zurfinta, sukan kuma ɗan ciji dutse don gane irinsa: mai yashi yana ƙaras-ƙaras a haƙori, na laka kuwa santsi gare shi. A 1956, da rediyo ya sanar an samu man fetur a kudu, sai yaran biyu suka yi alkawarin su ne za su tono na Arewa. Rikicin 1966 ya raba su, ba su ƙara haɗuwa ba.

Karatu, Aiki da Aure

Ya karanci ilimin duwatsu da ƙarƙashin ƙasa a Ibadan, ya yi digirin digirgir a Ingila kan duwatsun da ke riƙe man fetur, sannan a 1974 ya fara koyarwa a jami'a a Zariya. A shekarar ya auri Hajja Yakaka. Yawancin bincikensa a yankin Tafkin Chadi ya yi shi. Ɗalibansa na tuna yadda yakan miƙo dutse ya ce, "Ciza, Malam, haƙori ba na cin nama kaɗai ba ne." Ya zama farfesa a 1989.

Shekarun Ƙarshe

A 2001 wata ɗaliba mai suna Uchechi ta nemi yin digirin digirgir a hannunsa. Da ya ji sunan mahaifinta sai ya gane 'yar Okechukwu ce, wanda ya riga ya rasu. Ita ce ɗalibarsa ta ƙarshe. Bincikenta duka ya dogara ne ga ɓarɓashin duwatsun wata rijiyar gwajin neman man fetur, kowane a 'yar jakar ƙyalle da aka rubuta zurfinsa a jiki.

A 2003 idonsa ya mutu, ya dawo gidan gado a Fagge, Uchechi ta kawo masa jakunkunan aka ajiye a soro. Da damina ruwa ya shiga soron, jakunkunan suka jiƙe. Matan gida, don kyautatawa, suka zazzage kowace jaka a tabarma, tsibinta daban, kamar shanyar hatsi, suka wanke jakunkunan tas da sabulu. Rubutun ya tafi, kuma ba tare da sanin zurfin kowane tsibi ba aikinta na shekaru ya rushe. Uchechi ta yi niyyar haƙura da digirin.

"'Yar Oke, ba ki isa ba," in ji shi. "Ubanki ko raken da ya faɗi a ƙasa ba ya bari."

Damina da kaka suka kwashe a soron, shi yana murza duwatsun da yatsa yana cizawa, ita tana dubawa a madubin ƙara girma, har suka mai da jerin yadda yake. Aka sa ranar kare digirinta a Zariya, Juma'ar farko ta Maris, 2006.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Alhamis, jajiberin wannan rana, bayan gajeriyar jinya. Aka yi masa salla a ƙofar gida bayan la'asar, aka kai shi makwanci kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa Hajja Yakaka da 'ya'ya biyar: Hambali, Sammani, Kubura, Falmata da Gana ƙarami. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.

Uchechi ta zauna cikin matan gida da lulluɓin aro, ta ce sai an yi addu'ar uku za ta motsa.

"Masu zaman makoki ba su yi mana kaɗan ba, 'yar nan," in ji Hajja Yakaka. "Mai zuwa Zariya ce ba mu da ita sai ke."

Washegari da sassafe Uchechi ta durƙusa ta gaishe ta, ta hau motar Zariya, ta tsaya gaban malamai da idanu jajur don kuka, ta kare aikinta, ta kuma ci.