Maganin da ban kai wa Habu ba

Ni ɗan acaɓa ne a Kazaure, kuma kafin zuwan korona ba a taɓa kama ni da kayan kowa ba.

Da aka kulle gari, sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na asibitin garin ya daina tara mutane. Ma'aikaciyar jinya, Hajiya Binta, ta koma kiran marasa lafiya ta waya tana jin yadda suke, ni kuma aka ɗauke ni in riƙa kai musu magani ƙauyukan Roni da Gwiwa.

Wani abokina ne ya leƙa jakata a tasha, ya ce, "Waɗannan ƙwayoyin ai 'yan shaye-shaye na nemansu ido rufe." Na ce Allah ya kiyaye. Amma maganar ta hana ni sakat. Na fara da zarar kaɗan. Daga baya na koma sayar da maganin gaba ɗaya, in zuba na ciwon kai a ledar. Ina ce wa kaina ai ta waya ba a ganin komai.

Cikin waɗanda nake kai wa akwai Habu, tela a Gwiwa, wanda ya samu sauƙi har ya koma ɗinki. Duk zuwana mahaifiyarsa sai ta dama mini fura, ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka." In sha, in hau babur, in tafi.

Habu ya daina barci, ya fara surutai. Hajiya Binta ta kira mahaifiyarsa ta ce, "Inna, yana shan maganin kuwa?" Tsohuwar ta ce, "A hannuna yake karɓa. Sai dai na yanzu fari ne, na da kuwa ruwan ɗorawa." Kafin a gama bincike Habu ya fice daga gida. Makiyaya ne suka tsince shi wajen Babura, ƙafafu a farfashe, ko sunansa bai sani ba.

Aka kama ni, na amsa laifina, aka ɗaure ni. A gidan yari ba na iya zama wuri ɗaya, sai kai da komo kamar ni ne mara lafiyar.

Da na fito na je neman gafara. Inna ta ce ta yafe don Allah, amma ba ta kalle ni ba. Habu na zaune gefenta, bai gane ni ba, ya gyara mini tabarma.

Na tuba, ya ku samari 'yan acaɓa, amma har yau hankalina bai kwanta ba. In aka ba ku saƙon wanda ba ya iya kai ƙara, ku kai masa yadda aka ba ku.