Ranar da Aka Zo Gidana Wanke Honarabul

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da manyan jam'iyya suka yi sallama a gidana a Birnin Kudu, wai sun zo wanke Honarabul. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan faɗi majalisar da yake ba. Waɗanda suka sani sun sani.

Lokacin ina koyarwa a firamare, 'yar yayata kuma tana zaune a wurina. Daga Gwaram ta dawo bayan mijinta ya rasu ya bar ta da goyo. Ta yi karatun kiwon lafiya, amma aiki ya gagara. Aka ce mata ai Honarabul yana da gurbin aiki, ta je ta gan shi. Ta same shi a ofishinsa na mazaɓa, ya yi mata ta'aziyya har da share ƙwalla, sannan ya ce ta biyo shi Kano, masaukinsa, ta karɓi takardar ɗaukar aiki. Mu da ba mu san kan gwamnati ba, sai muka ɗauka yanzu a otal ake raba aiki.

Da la'asar ta dawo, ba takarda, mayafinta a yage. Da ƙyar ta iya gaya min cewa yana rufe ƙofa ya canja magana, ya kai mata hannu. Allah ne ya taimake ta, ta ture shi ta fito da gudu. Duk da haka bai ƙyale ta ba. Kullum sai ya bugo waya, yau lallashi, gobe barazana. Da ta gaji, ta naɗi muryarsa ta tura wa Hajiya, shugabar mata ta jam'iyya, don ta ja masa kunne a asirce. Hajiya kuwa ta riƙe amana sosai, domin aminanta kawai ta tura wa. Kafin a ce haka, babu teburin mai shayin da ba a ji Honarabul yana roƙon "haɗin kai" ba, daga Kiyako har Gwaram.

Nan fa magoya baya suka tashi. Da farko suka ce ba muryarsa ba ce, na'ura ce ta kwaikwaya. Daga baya suka ce muryarsa ce, amma wasa yake yi. Can kuma suka ce 'yan adawa ne suka turo ta. Na san wani maƙwabcina da ya yarda da duka ukun, kuma kowanne yana rantsuwa a kansa. Yarinya kuwa ko asibiti ta kai ɗanta sai an nuna ta da baki.

Ana cikin haka aka aiko cewa tawaga na tafe don yin sulhu. Na aika Gwaram aka ɗauko Innarmu, kakar yarinyar, tsohuwar da ba ta san boko ba, ba ta kuma san tsoro ba. Ran nan da hantsi sai ga su: ciyaman na jam'iyya da babbar riga tana ƙamshi, Hajiya cikin atamfa mai hoton Honarabul, sai wani malami da ke buɗe musu taro da addu'a. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa.

Malam ya yi doguwar nasiha a kan falalar rufa asirin Musulmi. Na yi ta jira ya iso kan falalar kame kai daga matan mutane, amma ga alama ran nan bai zo da wannan babin ba.

Ciyaman ya gyara murya ya dube ni. "Malama, mun zauna mun bincika. Honarabul ya rantse mana, kuma mun gamsu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ita kun tambaye ta?"

"Ai ba sai an wahalar da ita ba," in ji shi. "Abin da ake so, ta fito ta ce sharrin shaiɗan ne, ta ba shi haƙuri. Shi mutum ne mai yafiya. Aikin ma yana nan yana jiran ta."

Wato dai kura ce ta yi alkawarin yafe wa akuya. Yarinya tana gefe, ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan ɗanta. Ta ɗago ta ce, "Baba, ni ban yi masa ƙarya ba." Hajiya ta yi caraf ta ce, "Ke 'yar nan, Honarabul uba ne ga kowace mace a mazaɓar nan. Ni zan iya dafa Alƙur'ani a kansa."

Sai a lokacin Inna ta tofar da goron bakinta ta ce, "To madalla, Hajiya. Tunda uba ne, magana ta ƙare. Ita wannan tsoro take ji. Ina 'yarki budurwar nan da ta gama makaranta bana? Ki tura ta Kano gobe, ita kaɗai, ta karɓo mana takardar a masaukin."

"Allah ya kiyaye!" in ji Hajiya, har da dafe ƙirji.

Bakinta ya riga hankalinta. Ciyaman ya shiga duba wayarsa kamar an kira shi, Malam ya kama jan carbi da sauri. Hajiya ta fara "ai nufina, ai ita ba ta saba tafiya ba," amma babu wanda ya taya ta. Inna ta ce, "Mun ji shaidarki. Ku gaida gida." Ko addu'ar rufe taro ba a yi ba.

Kada mai karatu ya zaci an hukunta shi. An kafa kwamiti, abokan cin tuwonsa suka zauna, suka gano cewa ba su gano komai ba. Ya ƙarasa wa'adinsa lafiya lau, har da raba wa zawarawa keken ɗinki. Da zaɓe ya zagayo jam'iyya ta hana shi takara, amma ba don wannan ba, don ya saɓa da ubangidansa ne. A ranar ne ciyaman ya tuna cewa dama mutumin ba shi da tarbiyya. Yarinya ba ta ba da haƙuri ba. Ta sha surutu, daga baya ta samu aiki a wani ƙaramin asibiti da guminta.

Abin da na koya shi ne, masu kare babban mutum sun fi kowa sanin halinsa. Don haka na daina sauraron rantsuwarsu. In kana son gaskiyar ɗan siyasa a kan shugabansa, tambaye shi ko zai aiki 'yarsa wurinsa, sannan ka dubi fuskarsa.