Lamba Goma Sha Bakwai ta Kapural Attahir

Duk wanda ya taɓa shan shayi a ƙofar shagona na dukanci ya san abin da ke biyo bayan kofi na biyu. Kapural Attahir zai sa hannu a wuya, ya jawo ƴar jakar fata kamar laya, ya zazzage wani koren faifai da bai fi bakin kofin shayi ba, mai lamba goma sha bakwai. Ya ƙwanƙwasa shi a faranti, ya ɗaga murya: "Riyan-ne-va-pulu!" Wai haka mai juya caca ke cewa a Montekarlo in an rufe sa kuɗi. Shi kuwa ko tuwo ya ƙare a akushi sai ya faɗa. Ni na ɗinka masa jakar, kuma har yau ina cizon yatsa.

Shekara ashirin muna shan wannan labari! Bayan yaƙin Jamus, kapiten ɗinsa na soja ya tafi da shi wannan gari na bakin teku. Fitilu kamar rana, motoci na tsere a tsakiyar gari, mata na rawa, ga gidan caca mai tebura da koren ƙyalle. Faifan nan, in ji shi, a can ya samo.

"In na aza shi kan lambar da ta dace, Sidi, raƙuman Bilma duka nawa ne."

"To me ya hana ka azawa tun a lokacin?"

"Gaggawa aikin shaiɗan."

Kun ji fa. Mutum na riƙe da kayan shaiɗan a wuya yana yi mini wa'azin shaiɗan.

A filin kokawa kuwa ya zame mana annoba. Zai zagaya ƴan kokawa hannu a baya, yana duba ƙwauri kamar mai sayen jaki, sannan ya nuna ɗaya: "Wannan ne." Wallahi duk wanda ya nuna, kafin makaɗi ya ɗumama ganga yana ƙasa. Har wani ƙato daga Ingal ya aiko masa da goro, wai don Allah ya yabi abokin karawarsa. Na ce to ko dala ɗaya ka sa mana, tun da kai ne masani. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ni da na ga Montekarlo zan sa kuɗina kan ƙato mai warki?"

Liman ma ya gwada. Ya tare shi bayan la'asar ya ce, "Kapural, caca haramun ce."

"Allah gafarta malam, ka taɓa ganin na yi? Shekara ashirin faifan yana wuyana ban aza ba. A masallacin nan wa ya kai ni haƙuri?"

Liman ya sa takalmansa ya tafi.

Dariya ta ƙare ne bayan an sami mulkin kai. Matarsa Tamu ta zo shagona ido jajir, ta ce Kapural ya sa garkarsu a kasuwa. Garkar nan ta bakin kwari, mai rijiya da dabino, ita ke ciyar da gidan, don pansiyonsa na tsohon soja ko shayinsa ba ya ɗauka. Tsaransa na tanadin Makka, shi yana tanadin gidan caca! Na je na yi masa faɗa har muryata ta dushe. Ya ce kamiyo, babbar motar Zinder, na tashi bayan Sallah, kuma da shi za a tafi.

Sai na yi dabara. Na ce jakar ta tsufa, ya kawo in sake ɗinki. Ya kawo ta da faifan a ciki. Akwai wani Nasara cikin masu binciken duwatsu da ke sayen takalma wurina, na nuna masa faifan. Ya juya shi, ya fashe da dariya har da dafa bango. Ya ce wannan ba na caca ba ne. Lambar ajiyar riga ce. In ka shiga ka tuɓe rigar sanyi, ita ake ba ka don ka karɓi abinka in za ka fita.

Ko shago ban rufe ba. Na same shi a garka yana gyaran guga, na jefa masa faifan a cinya.

"Raƙuman Bilma! Lambar riga ce, Kapural! Shekara ashirin kana cika mana kunne da lambar riga!"

Ya ɗauka, ya goge ƙurar da bakin rawaninsa.

"Na sani, Sidi."

Na zauna a bakin rijiya, ya ci gaba.

"Ba su bar ni na shiga ba. Mai gadi ya dubi fuskata, bai dubi lambobin yabon da ke ƙirjina ba. Kapiten ya shiga, ya leƙo ya miƙo mini wannan, wai in riƙe masa kar ya sha giya ya yar. Tebur ɗin ta taga na hango shi. Da ya fito ko rigar bai tuna ba." Ya ja igiyar gugar. "Ba caca nake so ba. Yanzu da muke da ƙasarmu, so nake in shiga ta ƙofar gaba, in tuɓe alkyabbata, wani ya karɓa ya ba ni tawa lamba. Shi ke nan."

Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Tamu ce ta turo ka, ko? Gaya mata garka tana nan."

Garka ta tsira, har gobe dabinonta Tamu ke ci. Amma daga ranar bai sake ciro faifan ba. Mu sha kofi na biyu, in zauna ina jira, shiru. Abin da na shekara ashirin ina roƙon Allah ya raba ni da shi, sai ga ni ina tsokanarsa: "Kapural, shayi ya ƙare, ba ka rufe mana ba?" Murmushi kawai yake yi. Kafin damina ta zagayo zazzaɓi ya ɗauke shi, kuma har yau jakar tana rataye a shagona, bai karɓa ba.

Ya Allah, ka yafe wa Attahir, ka yafe mini bakina. Ya tsaya a ƙofa sau ɗaya, ya ishe shi. Ka buɗe masa taka, ka kira shi da sunansa, ya shiga ta gaba.