A-kori-kurar Istifanus da Furofelar da Na Kwance

Ko da fetur za a wanke mini ƙwaƙwalwa, ranar da Istifanus ya shigo garejinmu na bayan tashar Jabi ba za ta goge ba. Ina kwance ƙarƙashin wata mota sai na ga rana ta ɓace. Da na leƙo, ashe wata a-kori-kura ce aka ɗaga ta sama, aka sa mata tayoyin da in ka kwantar da guda za a yi wa jarirai goma wanka a ciki. Direban ma sai da ya yi addu'a kafin ya diro.

Istifanus mutumin Filato ne, ya yi furfura yana tuƙa manya a wata ma'aikata. Da ya ajiye aiki, duk abin da aka sallame shi da shi a motar nan ya zuba. Dabararsa kuwa ba ta banza ba ce. Ƙauyukan bayan Kwali doya kamar ƙasa, amma da ruwa ya sauka babu motar da ke shiga. Shi ya ce zai shiga. Ba gona, ba shago, ga yara a makaranta. Motar ce gonarsa, ita ce shagonsa.

Ya ce, "Oga Tanko, motan nan ya zama rago. Tun da na sa mashi manyan taya, ko gadan sama ba ya hawa sai da kuka."

Na ce, "Baba, ka sa wa akuya kofaton raƙumi, sannan kana mamakin ta ƙi tsalle?"

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan gareji ba bayani. A tsakiyar kowane aksul, wato ƙarfen da ke haɗa taya da 'yar'uwarta, akwai wata tukunyar ƙarfe, cikinta faifai babba mai haƙora, da ƙarami da ke juya shi. Su ke yanke hukuncin sau nawa furofela, wato sandar da ke kawo ƙarfin inji, za ta juya kafin taya ta zaga sau ɗaya. Mun ɗaga motar a jak, muka shafa alli, muka juya. Tasa huɗu ce da ɗan abu, daidai da tayoyin da aka haife ta da su. Babbar taya kuwa tafiyarta ta fi nisa a kowane zagaye, don haka injin yake nishi, kuloci na ƙauri, mai na tafiya kamar an huda tanki. Maganin shi ne haƙoran da za su kai ta kusan biyar. Ka wuce haka, ta yi ƙarfin giwa amma a kwalta keke ya wuce ta. Ka gaza haka, ka yi aikin banza.

Ga kuma dokar da ba ta da gwani: mota mai jan ƙafa huɗu, haƙoran gaba da na baya dole su zama iri ɗaya.

Na baya mun same su wajen masu kayan Beljiyam. Na gaba kuwa na zaga Abuja har takalmina ya nemi ritaya, babu. Aka ce sai daga Legas. Lokacin Maris ya yi nisa, manoma sun fara neman a kai musu irin doya, kuma Istifanus ya riga ya yi musu alkawari. Ya ce ba zai iya zama jira ba. Sai na yi abin da kowane bakanike mai hankali ke yi. Na ɗaura na baya, na kwance furofelar gaba gaba ɗaya, yadda ko ya manta ya ja ogzilari, giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja, babu abin da zai faru.

Na ce, "Baba, bar mini sandar nan a nan. In ta koma motar nan kafin haƙoran gaba su iso, gaba zai ce Lokoja, baya ya ce bai shirya ba."

Ya yi dariya, amma ya sunkuya ya ɗauki abarsa. "Ba don kai ba, Oga. Amma ƙarfe ba ya kwana a gareji ya tashi da lafiyansa."

Ban ji haushi ba. Kun san mutanenmu, mai mota ko tsohon fulogi aka cire masa sai ya sa a aljihu, don an sha musanya musu sabo da ruɓaɓɓe. Mu muka saya wa kanmu wannan suna. Ya jefa ta bayan kujera, ya tafi. Motar kuwa ta fita tana tafiya kamar amarya.

Ruwa bai jira kowa ba. Farkon Afrilu aka yi wani kamar da bakin ƙwarya, shi kuwa yana kan hanyar wani ƙauye tsakanin Kwali da Abaji, mota cike da irin doyar mutane. Ta nutse a laka har ciki. Aka tura, aka sa ganye, aka sa duwatsu, ta ƙi. Ana cikin haka sai ga wani dattijon bakanike na bakin hanya a kan babur. Ku kun san halinmu, bakanike ba ya ganin ƙarfe a kwance ya wuce shi. Ya leƙa ƙasa ya ga gurbi, ya leƙa ciki ya ga sanda.

Ya ce, "Wane maƙiyinka ne ya kwance maka wannan da damina?"

Istifanus ya ce ya faɗa masa gargaɗina. Dattijon ya ce mutanen birni ne da son a koma musu. Ya kwanta cikin lakar nan da rigarsa, ya ɗaura. Aka ja ogzilari, mota ta fito kamar an kira sunanta, manoma har da tafi. A laka taya na sulɓi, shi ya sa rigimar gaba da baya ba ta nuna ba.

Hanyar ƙauyen sai an ɗan hau kwalta kafin a sake sauka. Da ya hau, ya nemi mayar da ogzilari, liba ta cije, domin haƙora sun riga sun ɗaure juna. Ya ce bari ya lallaɓa zuwa gaba. Bai yi nisa ba ya ji ƙarar da ya ce ya ɗauka tashin duniya ne.

Da na isa, mai ya malale a titi, gutsattsarin ƙarfe kamar an zubar da gyaɗa. Akwatin ogzilari ya tsage, ya ja giyabos, aksul na gaba ya zubar da haƙora. Manoma sun kwashe irinsu a kan babura, babu wanda ya zage shi, kuma babu wanda ya sake kiransa. Yana zaune a gefen kwalbati, hularsa a hannu. Na je na zauna kusa da shi.

Ya ce, "Oga Tanko, zai tashi?"

Na ce, "Za ta tashi, Baba, in akwai abin tashin ta."

Babu. Ta yi damina guda a garejina, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, daga baya 'yan fanteka masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da guduma. Yanzu Istifanus na nan tashar Jabi yana kira wa motocin wasu fasinja, da muryar da ba a yi ta don ihu ba.

Ku masu tasowa, abin da na koya ke nan, kuma ba daɗi. A sana'ar nan mugu bai cika kashe mota ba. Mai ita da ke tsoron mu, da ɗan'uwanmu da ke son taimako, su biyu sun isa. Tun daga nan mota mai rabin gyara ba ta fita ƙofata, ko mai ita zai yi birgima.

Kwanaki na tambaye shi ko ya koma ya nemi dattijon nan. Ya ce ya je, har ya kai masa lemo.

"Lemo, Baba?"

"To me zan ce mashi? Mutumin kirki ne. Har yau yana ba mutane labari yadda ya cece ni."