Likkafani a Bayan Keke

Léandre mai faci ya daɗe yana haya a gidana a Yelwa, cikin Garwa, ɗakin da ke jikin zaure. Mutumin dutse ne, daga can bayan Gidar, Kirista, mara yawan magana. Dada yake ce mini, yadda Fulanin unguwa ke kiran uwa. Duk wanda ya san shi ya san abu guda a kansa: ba ya shiga mota.

Da ƙuruciyarsa yaron mota ne a wani kamiyo, babbar mota mai ɗaukar siminti daga tashar jirgin Ngawundere zuwa arewa. A gangaren nan da ke bayan garin birki ya ƙi, motar ta kife. Direban ya cika yana riƙe da ƙafar Léandre, sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Tun ranar bai sake hawa abu mai inji ba, ko babur. Ranar da matarsa Agnès ke naƙuda, ita aka sa a tasi, shi ya bi su a baya da keke, harshe waje. Ya kafa famfonsa da kwanon ruwansa a gindin darbejiyar ƙofar gida, yana liƙe tayoyin mutane. Sau ɗaya a shekara yakan je dutse, wato garinsu, da rana, a hankali, yana kwana a gidajen waɗanda ya sani.

Wannan karon ba a ba shi damar a hankali ba. Cikin watannin zafi ne, lokacin da ko ƙadangare ba ya tsallaka titi da azahar. Da hantsi aka kira shi a waya, aka ce tsohonsa ya rasu. A wajensu ɗan fari ne ke kawo farin yadin da za a naɗe uba, da hannunsa kuma zai ɗaure, ba a warware yadin sai a kan gawa. Suka ce za su jira shi zuwa azahar ɗin gobe, zafi ba zai bari su wuce haka ba.

Na ce, "Ɗan nan, yau dai ka shiga mota. Ka rufe ido, Agnès ta riƙe maka hannu."

Ya dube ni kamar na ce ya sha fetur. Ya tashi ya tafi kasuwa sayen yadi, ya bar mu da sanin cewa tafiyar dare zai yi, shi kaɗai, a hanyar da manyan motoci ke gudu kamar an biyo su.

Agnès ta ɗora tukunya tana kuka. Na leƙa, na ga tuwon dawa take shirin tuƙawa, ga miyar kuɓewa da kifi, ga kuma ta aika a sayo fura da nono.

Na ce, "'Yar nan, biki za shi?"

"Dada, ai sai ya ci ya ƙoshi. Hanya da nisa."

"Ki cika masa ciki da tuwo, ki bi da fura, kafin ya kai Pitowa yana gyangyaɗi a kan sirdi. Mai keke in ya yi gyangyaɗi, a ƙarƙashin taya yake farkawa. Kifin nan kuma, karnukan kowane ƙauye kike son su raka shi?"

Mijina marigayi fataucin dare ya yi shekara da shekaru, na san abincin da ke hana ido rufuwa. Na jawo turmi. Na soya gero da gyaɗa, na daka dakuwa, na zuba mata citta da barkono har ni da nake dakan sai da na yi atishawa. Na dunƙula ta ƙanana, yadda zai jefa a baki ba tare da ya sauka ba. Na ware goro mai ɗaci, da ɗan dabino. Na jiƙa tsamiya na tace a bido ɗaya, irin 'yar jarkar nan, ɗayan na cika da ruwan randa, na naɗe su da jiƙaƙƙen buhu don kada su zama ruwan wanka. Agnès ta ɗinka masa 'yar jaka a gaban keken, inda hannu zai kai. Sau biyu allura ta soke ta.

Da ya dawo ya kifa keken a tsakar gida. Ya canza robar birki, ya ɗaure kowace waya ta ƙafa yana bugunta da farce yana sauraro. Ya haɗa gam, da faci, da sifana, da robar cikin taya sabuwa, ya ɗaure famfo a jikin ƙarfe. Duk wannan ban ce komai ba, sana'arsa ce. Sai na ga ya kwance ƙararrawa ya ajiye. Ya shafe sarƙa da mai har ta daina ƙara. Ya kwance fitilar gaba. Ya ɗauko tsumma ya naɗe ɗan jan gilashin nan na baya. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da baƙar riga.

Na ce, "Sata za ka?"

Ya ce, "Haka masu tafiyar dare ke yi, Dada. Masu tare hanya haske suke hangowa daga nesa. In ba su gan ka ba, ba su ji ka ba, ka wuce."

"To direban da ya taso tun daga Ngawundere bai runtsa ba, shi da me zai gan ka? Da hanci?"

"Ina jin mota tun daga nesa, sai in kauce."

"Ka kauce ina? A kan gada? Ni dai tun da nake, gawar da aka kawo unguwar nan daga hanyar can, mota ce ta kawo ta. Ɓarawo zai ƙwace maka keke ya mare ka. Kamiyo ba ya tambayar abin da ka ɗauko."

Ya ci gaba da ɗaure igiya. Na san fitilar ba za ta koma ba, tsoron mutanen daji ya riga ya shige shi, kuma ba ƙarya ba ne, ana ɗaukar mutane a wajen. Idona ya faɗa kan yadin, fari fat, a naɗe cikin leda a kan tabarma.

Na ce, "To ga abin da ba ya haske sai an haska shi. Ka yafa wannan a bayanka. Mai laɓe a duhu ba zai gan ka ba, fitilar mota kuwa tana dukansa za ta nuna ka."

Ludayi ya faɗi daga hannun Agnès. Ta yi alamar giciye, muryarta ta yi ƙasa. "Dada, mai rai ya yafa likkafani? Kiran mutuwa kike yi masa. In ya sa, ta san shi."

Na ce, "Wadda kike tsoro tana da taya goma sha wani abu, kuma ba ta san kowa ba."

Léandre ya ce, "Ba a buɗe shi sai a kan tsoho. Ki bar maganar, Dada."

Na bari. Amma da aka zo ɗaurin kaya a kariyar bayan keken, ni na karɓi igiyar. Na sa bidunan a ƙasa, kayan faci a tsakiya, yadin a can sama, na yi masa ɗaurin zarge, wanda ja ɗaya ke kwancewa. Ya tsaya yana kallon hannuna.

"Na ga ɗaurin nan," in ji shi.

"Ido gare ka, ai."

Bai canza ɗaurin ba. Bayan la'asar, da rana ta yi sanyi kaɗan, ya kashe wayarsa ya cusa a aljihu, ya ce useko, godiyar Fulani, ya tura keken waje. Ba ƙararrawa, ba ƙarar sarƙa, ya sha kwana kamar ba a taɓa yin sa ba.

Daren dai ya wuce yadda irinsa ke wucewa. Da safe wata mai kawo albasa daga Pitowa ta tsaya shan ruwa a zaure, ta ce mota ta take wani mai keke gaba da garinsu, an rufe shi da ganye, jandarma na wajen. Agnès ta zauna a ƙasa daɓas. Na tsare matar da tambaya: wace irin riga, wane irin keke, akwai kaya a baya? Ta ce ita ƙafa kawai ta gani, da taya a lanƙwashe. Na so in shaƙe ta. Mutum ya ɗauko rabin labari irin wannan ya shigo gidan mutane, har yana neman ƙarin ruwa.

Muka yi ta kiran wayarsa, a kashe. Agnès ta ɗaura zane za ta Pitowa ta ɗaga ganyen da kanta, ta kai ƙofa ta tsaya. Ni ma ban iya ce mata ta je ba, ban iya ce mata ta zauna ba. Na ɗauki carbi, na kasa sanin inda na tsaya. Abin da ke yawo a kaina shi ne, in shi ne, da baƙar riga ya mutu ko da farin yadi? Kowanne ne, akwai wadda ba za ta sake iya duban 'yar'uwarta ba a gidan nan.

Rana ta take tsaka, ta karkata. Sai gab da la'asar wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Agnès ta tura mini ita da ƙafa. Na ɗauka.

"Dada, ni ne. An rufe tsoho. Ki ce wa Agnès ina nan."

Wanda ke ƙarƙashin ganyen ɗan wata uwar ne. Har yau ban san sunansa ba.

Da ya dawo bayan zaman makoki, ya rame, ga ƙujewa a gwiwar hannu, ga kuma yadin a kariya. Ya ce gaba da Pitowa kaɗan wani kamiyo ya zo ta bayansa a kan 'yar gada, babu wurin kaucewa, iskarsa kawai ta jefa shi cikin rami. Yana kwance yana jin warin taya, sai ya miƙa hannu ya ja igiyar. Daga nan har gari ya waye da yadin a kafaɗarsa. Motoci suka riƙa ba shi hanya tun daga nesa, wasu har suna komawa ɗaya hannun. Wani direba ya wuce shi yana salati da ƙarfi.

Amma ya isa dutse da yadi a warware, ya sha gumi da ƙura. Baffanninsa suka duba, suka tambaye shi, shi kuma ba ya ƙarya. Suka ce abin da mai rai ya yafa ba zai taɓa jikin mamaci ba. Da yadin ƙaninsa aka naɗe tsohon, ƙanin ne kuma ya ɗaure, Léandre na tsaye a baya cikin baƙi. Har yanzu in ya je gida, ba a ba shi wurin zaman ɗan fari. Bai taɓa ce mini laifina ne ba. Bai kuma taɓa ce mini na kyauta ba.

Yadin ya zama masifa a ɗakinsu. Agnès ba ta yarda a yar ba, ba ta yarda a ƙone ba, ba ta kuma iya barci yana ciki. Léandre ya yi tari sau ɗaya, sai ta dubi inda yake ajiye. Da na gaji na ce ta kawo mini, in ma wani yake jira, ni ce a gaba, kuma irinsa za a sa mini. Na wanke shi na ninke a ƙasan akwati.

Tun ranar ta samu barci. Sai dai kullum da sassafe, kafin ta hura wuta, takan zo ƙofar ɗakina ta tsaya, ba ta sallama, tana sauraro ko ina motsi. Nakan bar ta ta ɗan jima a tsaye kafin in yi gyaran murya.