Ranar da Inna ta shafa wa ƙofar gareji man kaɗe

Wata safiyar Alhamis ce cikin hunturun shekarar da na shiga aji uku, a farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin. Ina tsugune bayan motar Ammi ina goge tayoyinta da tsumma, sai na ji kalmar da ta hana ni cin abinci kwana biyu. Ammi shi ne tsohon Balaraben da Baba yake yi wa direba a unguwar Jurf, kuma shi ne kafilinmu, wato da sunansa muke zaune a Madina. Yana tsaye a bakin gareji cikin rigar sanyinsa mai gashin tumaki, yana nuna ƙofa da sanda. Bai gan ni ba, don motar doguwa ce, ni kuwa 'yar firit. Ya ce da Baba, "Ya Sulaiman, ƙofar nan ta ishe ni. In ta sake makarar da ni ranar Asabar, huruj." Kowane ɗan Bahaushe a Madina ya san huruj tun kafin ya iya ƙirga: a buga maka hatimin fita, ka tattara komatsanka ka koma gida. Ni gidan nan da ake faɗa ban taɓa ganinsa ba, a nan aka yanke mini cibi. Kuma mun san direban da Baba ya gada, wani mutumin Sudan, haka aka yi da shi.

Ɗakinmu manne yake da garejin, wata 'yar ƙofar katako ce ta raba mu da motar. In motar ta fita, garejin ya zama namu. Nan muke carafke da ƙwallayen dabino, nan Inna take shanya in iska ta yi yawa, nan take suyar ƙosan da ɗaliban jami'a 'yan ƙasarmu suke zuwa saye suna cewa ya tuna musu gida. Babbar ƙofar kuwa ta ƙarfe ce, irin wadda ake ɗagawa ta naɗe a sama kamar tabarma, tana bin wasu kwaruruka biyu a gefe da gefe. Da zafi, hannu ɗaya ya ishe ta. Amma da zarar iskar sanyi ta fara busowa daga wajen dutsen Uhudu, sai yashi ya cika kwarurukan, tsohon maiƙon ya daskare, ƙofa ta riƙa kuka kamar akuyar da ake ja zuwa mahauta. Kowace shekara Baba yakan wanke ta ya sa mata giris. A wannan shekarar dai "gobe in Allah ya kai mu" ta yi yawa, har aka makarar da Ammi sau biyu. Shi kuwa tsohon nan, duk Asabar da hantsi sai ya je masallacin Ƙuba ya yi nafila, an ce tun yana saurayi bai taɓa fashi ba.

Ran Juma'a Ammi ya aiki Baba gonarsa ta dabino da a-kori-kura. Baba ya ce in ya sami shago a buɗe zai taho da giris, amma kowa ya san yadda shaguna suke ran Juma'a. Bai gaya wa Inna komai ba. Ni ce na kasa riƙewa. Tana tuƙa tuwo na tsaya a kanta na fashe da kuka na zayyana mata. Ta saki muciya, ta yafa mayafi, ta leƙa katanga ta kira Iya Mariyama, maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Maraɗi wadda babu ciwon da ba ta da maganinsa.

Iya Mariyama ta zo ta ɗaga ƙofar, ta karkata kai tana sauraren kukanta kamar mai duba jariri. Ta ce, "Hadiza, sanyi ne ya kama ta. Ƙohwa da gwiwa duk guda ne, ɗiyata. Mi kike shahwa ma yara?" Inna ta waiga wajen ɗaki. Tana da wani gwangwanin man kaɗe da wata 'yar'uwarta ta kawo mata daga Zariya lokacin hajji, tana ɓoyonsa ƙarƙashin gado kamar zinare. Mu da muka fito daga cikinta, ɗan kan yatsa take lakato mana mu shafa a faso. Ranar nan ta fito da shi duka. Suka narka shi a tukunya, Iya ta ce a ƙara man shanu don ya shiga jiki sosai. Aka kifa turmi na hau, aka ba ni tsumma ɗaure a tsinken kwakwa, na bi kwarurukan nan tun daga sama har ƙasa ina ɗurawa, su kuma suna murzawa da tafin hannu suna bismilla. La'asar ce, rana ta daki ƙarfen ya yi zafi, man sai bin jikinsa yake kamar ruwa. Da Inna ta taɓa ƙofar, sai ta yi sama sululu, ko tari ba ta yi ba. Iya Mariyama ta rangaɗa guɗa.

Baba ya dawo da magariba a gajiye, hannu rabbana babu giris. Inna ta ce ya gwada ƙofa. Ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya sauke, ya sake ɗagawa, ya juyo yana kallonmu baki buɗe. Da ya tambayi abin da aka sa, Inna ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Malam, ba a tambayar mai magani sunan saiwa." Daren nan na ci tuwo har na nemi ƙari.

Kukan kyanwoyi ne ya fara gaya mana akwai magana. Da gari ya waye ran Asabar muka leƙa, sai ga kyanwoyin Jurf kaf, masu gida da marasa gida, sun yi layi a gindin ƙofa suna lasar ƙarfe, wasu na miƙewa tsaye don su kai sama. Baba ya kore su, ya kama ƙofa ya ja. Ko motsi. Ya tattare hannun riga, ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Kamar an haɗa ta da ƙasa. Sanyin dare ya mayar da man nan fari fat, ya yi tauri kamar sabulu, ga yashin da iska ta kwaso ya cakuɗe a ciki. Baba ya lakato da farce ya sansana, ya sake sansanawa.

"Hadiza, mene ne wannan?"

"Man kaɗe ne, Malam." Ta sunkuyar da kai. "Da ɗan man shanu."

"Man shanu! Ƙofar tuwo ce?"

Ba lokacin faɗa ba ne, don rana ta fara leƙowa. Inna ta ce abin da wuta ta narka jiya za ta narka shi yau, ta nufi kaskon gawayi. Baba ya tare hanya, ya ce ga mota cike da fetur, in ta shigo da wuta ba huruj za a yi mana ba, jana'iza ce. Aka tsaya a kan ruwan zafi. Ni da rigar makaranta a jikina, don a Madina Asabar ranar karatu ce, ina ta zirga-zirga da buta tsakanin murhu da gareji, Baba yana tsiyayawa a kwarurukan ta ciki. Iya Mariyama kuwa, da ta ji labari, ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta cika dutsen guga da garwashi, ta zagaya ta waje, ta hau goge gefen ƙofar a tsanake kamar rigar ango. Ƙamshi ya gauraye layin, sai ka ce suyar sallah ake yi.

Haka Ammi ya fito ya same ta. Ta wata 'yar ɓula a jikin ƙarfen na hango shi, ya dogara sanda, yana kallon tsohuwa tana yi wa ƙofarsa guga, kyanwoyi sun kewaye ta. Na fara lissafin abin da zan ɗauka in an ce mu tafi, na ga ba ni da komai sai ƙwallayen dabinona. Ya tambaye ta abin da take yi. Ta ba shi amsa da Larabcinta na kasuwa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce ƙofa ce ba lafiya, ya ɗan ja baya kada ya tare mata haske.

Daidai nan Baba ya yi kabbara ya ja da iya ƙarfinsa. Ƙofar ta ƙwace ta yi sama da gudu, muka tsaya cirko-cirko a gaban Ammi, ni da buta, Inna da tukunya, Baba riga sharkaf. Kafin kowa ya yi sallama, sai ta zamo ta dawo ƙasa, don yanzu santsi ya yi mata yawa. Baba ya fizge ni baya, butar ta suɓuce, ƙofa ta sauka a kanta ta mayar da ita faifai. Da aka sake ɗagawa, da taɓaryar Inna aka tokare ta. Kyanwoyi suka afka wa man da ya malalo, wata ta bi ta tsakanin ƙafafun Ammi. Ya ɗaga sanda yana ihu, "Huruj! Huruj dukanku!" Ko ɗaya ba ta kalle shi ba.

Ya sa yatsa a man, ya kai hanci. Ya dubi Baba, ya dubi Inna da ta ja mayafi har ido. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ya yi har tari ya sarƙe shi, Baba ya riƙe shi ya sa shi a mota. Ni ban yi dariya ba. A makaranta ranar nan ban ji ko harafi ɗaya ba, ina ta tunanin ko dariyar sallama ce.

Da na dawo, na tarar da Baba a tsugune da gwangwanin giris sabo, Ammi ne da kansa ya saya a hanyar dawowa daga Ƙuba. Sun sami nafilar, da ƙyar. Baba ya ce saƙon da aka ba shi ya kawo wa Inna shi ne, "Matar da ta ba ƙofata man shanu, ba a korar mijinta. Amma a gaya mata ƙofar ta ƙoshi." Yinin nan ya kankare kwarurukan, ya share yashi, ya wanke da kananzir, ya bari suka bushe, sannan ya shafa giris ɗan kaɗan. Ya nuna mini murɗaɗɗen ƙarfen da ke sama, ya ce wannan ko shi ba ya taɓawa sai makaniki. Inna tana zaune a bakin ɗaki da gwangwaninta fayau a cinya. Hunturun nan ƙafafunmu suka tsage kamar ƙasar fadama da rani, sai da alhazai suka sake zuwa muka ga man kaɗe.

Yanzu muna zaune wajen Uhudu. Ammi ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, garejin ma an mai da shi shagon gyaran waya. Ƙofarmu ta yanzu maɓalli ake danna mata, ba ta kuka, ba ta sallama, sai dai ka ga ta sauko. Shi ya sa ba na barin maigidan ya danna sai na ƙirga yarana da ido. Su kuwa in na ba su labarin nan da Hausa, da Larabci suke yi mini dariya, ba su san ƙamshin da ya cika layinmu a safiyar nan ba. Wani lokaci ina kewar ƙofar da duk unguwa takan taru a kan ciwonta.

Roƙona gare ku kaɗan ne. Kafin sanyi ya kama, a share ƙofar gareji, a sa mata nata man, a janye yara daga ƙarƙashinta. In kuma ta cije za ku yi wa mai aikinku faɗa, don Allah ku fara leƙa bayan motar, ko akwai yarinya a tsugune tana ji.