Mutumin da Ya Turara Katako a Madambacina

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina, Malam Isiyaku kafinta na Hayin Banki, amma har yau in na ɗora madambaci a wuta, ƙanshin katako nake fara ji kafin na dambu. 'Yata Ummi ta ce hancina ne ke yi mini ƙarya. Wataƙila. Sai dai duk wanda ya zauna da mu a wancan gidan ya san madambacin nan ya turara katako fiye da yadda ya turara tsaki.

Gado da kujera da ƙofa su ne sana'arsa, da su muke ci. Abin da ke ransa kuwa jita. Wani makaɗi ne ya taɓa kawo masa tasa ta tsage ya gyara, tun daga ranar bai ƙara samun sukuni ba, shi dai sai ya ƙera tasa. Ba shi da kayan aikin masu ƙera ta, sai ya waiwayi madafata. Gefen jita a lanƙwashe yake, katako kuma ba ya lanƙwasuwa sai ya sha tururi. Sai ya fere shi siriri, ya ɗora kan madambaci ya lulluɓe da tsumma, in ya yi laushi ya naɗa shi a jikin taɓarya ya ɗaure da igiyar guga. In ya shafa gam, turmina yake kifawa a kai ya danne. Bayan ludayin miya kuwa da shi yake goge katako har ya yi sheƙi.

Cokula masu yatsu su suka fi shan wuya. Yatsun yake yankewa, ya jera su a wuyan jita inda ake danna tsirkiya. Akwai azumin da baƙi suka zo mana shan ruwa, na jawo kwando na tarar da cokulan duk sun zama dungu. Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Shi ko ko a jikinsa. “Maman Ummi, ai da hannu ya fi daɗi,” in ji shi, ya fice shago yana dariya. Ni ma da ya juya baya sai da na dara.

Wanda bai taɓa darawa ba shi ne yayansa, Alhaji Tanimu na Unguwar Kanawa. A wurinsa Isiyaku ya zubar da mutuncin gida, ɗan malamai ya koma maroƙi. Alhali mutumin nan bai taɓa bin gidan biki ba, bai taɓa yi wa wani kirari ba. Bayan la'asar ne yake zama a bakin shago ya ɗan kaɗa a hankali, masu kayan tireda na kusa su rage hira su saurara. Iyakar laifinsa ke nan.

Da ciwo ya ɗauke shi, ya bar jita shida rataye a bangon shago, ɗaya ko tsirkiya bai kai ga ɗaura mata ba, ta Ummi ce. Ranar sadakar uku damina ta yi nisa, itacen da aka kawo duk a jiƙe, mata suna ta fama da hayaƙi a tsakar gida. Alhaji ya karɓi makullin shago, ya ce kayan kiɗa ba sa shiga gado, ya sa aka farfasa su aka tura ƙarƙashin tukunya. Ina cikin ɗaki a kan tabarmar takaba na riƙa jin tsirkiya tana tsinkewa a wuta. Na aiki ƙanwata ta roƙe shi ya bar ko ta yarinyar. Ya ce a gaya mini in yi haƙuri, sauƙi suke nema masa a kabari. Busasshen katako ne, ya ci da kyau, tuwon shinkafa ya nuna da wuri. Da aka kwashe toka, Ummi ta tsinto yatsun cokula sun yi baƙi ƙirin, ta zuba mini a gwangwanin madara.

Yau fa? Nazifi, autan Alhaji, shi ne ke kaɗa jita ana kallonsa a waya, duk Kaduna an san shi. Uban kuma in ya zauna cikin mutane sai ya ce abin a jininsu yake. Nakan tambayi kaina me Isiyaku zai ce da ya ga wannan zamani. Na san amsar, ita ce ma ke ƙona mini rai: murna zai yi. Ba zai tuna wa kowa komai ba. Zai saci madambacina ne ya ƙera wa yaron sabuwa.

Ni ba Isiyaku ba ce. Kwanakin baya Alhaji ya zo gaishe ni tare da Nazifi. Bayan an gaisa ya gyara zama ya ce, “Maman Ummi, ko akwai wadda ta rage cikin jitar marigayi? Yaron nan yana so ya nuna wa duniya aikin baffansa.” Na dubi yaron, na ga ba a taɓa gaya masa ba. Na shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin, na juye shi a tafin hannun Alhaji.

“Ga abin da ya rage, Yaya,” na ce. “Sauran kai ka fi ni sanin inda suke, tunda ka ci tuwon.”

Nazifi ya kalli ubansa. Uban ya kalli hannunsa. Ba su jima ba suka yi sallama, na karɓi kayana na mayar cikin gwangwani.

To me ya saura na Malam Isiyaku? Babu jita ko ɗaya da za a nuna, babu inda aka ɗauki kiɗansa. Akwai ƙofofin da ya yi wa mutane daga nan har Badarawa, suna nan suna buɗewa suna rufewa. Akwai taɓaryar da har yanzu take da sawun igiya, da madambacin da na ƙi canzawa duk da ya lotse. Dangi suna ta cewa in yafe, shekaru sun ja. Isiyaku dai, Allah ya jiƙansa, cokulan da ya gutsure mini na yafe masa tun yana da rai. Tuwon nan ne har yau ya kasa wuce mini a wuya, ni da ban ci ko loma ɗaya ba.